Ɗan Farina da Saƙon Mutanen Agege

Ɗan farina ne, don haka ko a rubuce ba zan kira sunansa ba. Sunan mahaifina ya ci, kunyar ta zama biyu. A gida mai sunan Malam ake ce masa, ni kuwa ko wannan ban cika faɗa ba. In ina nemansa sai in ce wa ƙannensa, "Ina wancan?" su kuma sun san wanda nake nufi. Haka na taso na tarar, haka mahaifina ya yi wa yayanmu har ya koma ga Allah. Uba ba ya yabon ɗan fari a gaban mutane, ba ya tare masa faɗa, ba ya ma nuna ya san abin da yake ciki. Wannan aikin baffa ne. Yaran yanzu suna jin wannan kamar tatsuniya, amma mu da shi aka raine mu, ko da yake a Agege aka yanke mana cibiya.

Ni goro nake sayarwa a kasuwar Agege, sana'ar gado, wadda take mutuwa a hannunmu muna kallo, don samarin yanzu cingam suke tauna. Boko rabi da rabi na yi shi. Ina aji uku na sakandare mahaifina ya ce ya isa haka, tunda na iya karanta lambar mota da sa hannu. Har yau abin yana ci mini rai, amma ba shi ne maganar yau ba. Rumfata tana jingine da ta Alhaji, aminin mahaifina, babban dillali wanda duk huhun goron da ya shigo layinmu sai ya bi ta hannunsa. Gemuna ya yi furfura, amma har gobe "kai yaro" yake ce mini, ni kuma in ce "na'am, Alhaji" in miƙe.

Bakin ɗana a duniya, mai tsaya masa, ƙanena ne, direban tirela, mutum mai faɗa da dariya wanda ba ya shakkar kowa. Shi ya kai shi firamare, shi ya tsaya kai da fata aka bar shi ya wuce sakandare, shi ya ɗauke shi a gaban tirela ya sauke shi a ƙofar jami'a yana danna hon kamar an kawo amarya. In wani ya taka yaron, baffansa ne yake bin mutum har gida. Ni nawa in ji labari in kau da kai, raina fari ƙal. Ciwo ya kwantar da shi damina guda, ya rasu, kafin abin da zan ba da labari.

Faransanci yaron yake karantawa a jami'a. Da ya zaɓi wannan karatun mutanen layinmu sun sha dariya, wai mutum ya tafi jami'a koyon abin da 'yan Nijar masu shayi suke yi kyauta. Ga Hausa, ga Yarbanci kamar a Ibadan aka haife shi, ga Turanci. Ana nan sai aka ce za a yi babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashe a wata ƙasar da ke yamma da mu, bakin teku, inda ake Faransanci, kuma ana neman ɗaliban jami'a su je aikin sa kai. Ya nema, aka yi musu tambayoyi ta waya, aka ɗauke shi cikin 'yan kaɗan daga makarantarsu. Saboda harsunan da ke bakinsa aka ce a babban filin wasa za a ajiye shi, a ƙofar da 'yan wasa da 'yan jarida suke bi.

Ba ni ya gaya wa ba, ba a yin haka. Mahaifiyarsa ya gaya wa. Ita ma ɗan farinta ne, amma ta yi zama da Yarbawa tun tana yarinya, kunyarta ba ta kai tawa kauri ba. Ta kawo mini labarin tare da tuwo.

"Malam, mai sunan Malam zai fita waje."

"Wane waje?"

Ta yi mini bayani iya fahimtarta.

"Biyansa za su yi?"

"Babu biya. Abinci ne da wurin kwana da riga."

"To, gayya ce ke nan."

"Oho dai. Shi ya ce wanda ya tsaya a ƙofar nan manyan harkar suna ganin aikinsa, daga nan ake samun hanya."

Na ce Allah ya sa alheri, na wanke hannu na fita. Sai da na bi layin dogo na yi nisa, inda ba wanda ya san ni, sannan na bar fuskata ta yi abin da take so. Gayya na san ta, a garin kakanninmu ana yi, a taru a nome gonar mutum a sha fura a watse. Ban taɓa jin an yi wa ƙwallo gayya ba. Amma na gane abin da yaron ya hango. Wanda aka tsayar a aji uku ya san darajar ƙofa.

A wajenmu matafiyi ba ya sulalewa kamar ɓarawo. Sai ya bi gida-gida ya durƙusa wa manya, su sa masa albarka. Mahaifiyarsa ta tura shi, ya bi layi-layi ya yi sallama. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu, ƙasar da za shi ƙasar goro ce. Tun zamanin kakanni mutanenmu suke kai da komo a can. Babu gidan ɗan goro a Agege da ba shi da wani a zangon can, ko wa, ko ƙanwa da aka kai aure, ko ɗan da ya tafi sayayya ya yi zamansa. Sannan aka ji da mota ɗaliban za su tafi, ta hanyar bakin teku. Da jirgi ne da ma'auni ya cece shi.

Washegari ƙofar gidanmu ta zama tasha. Mahauci daga kwata ya kawo kilishi a naɗe cikin takarda, wai na ɗan'uwansa ne da ya manta ɗanɗanon gida. Tela ya kawo kaftani da ya ɗinka wa surukinsa. Aka kawo yaji, aka kawo turaren wuta, aka kawo atamfa, har da mai injin markaɗe ƙarami a kwali. Wata tsohuwa mai koko ta iso da daddawa da kuka a ƙulle cikin tsohon ɗankwali, wari ya cika soro.

"Ka kai wa ɗiyata. In ka sauka ka tambayi gidan mai fura bayan masallacin 'yan goro, kowa ya san ta."

"Wane gari, Iya?"

"Can ɗin dai. Ai duk gari ɗaya ne."

"Kina da lambarta?"

"Kai, ɗan nan, ka cika bincike. Baki gare ka, ka tambaya."

Ina zaune a kan benci da faifai a cinya ina tsince goron da sankara ta ci. Sau da yawa na ji idon yaron a kaina, ban ɗago ba. Da baffansa yana raye, tsawa ɗaya zai yi: "Ku kwashe tarkacenku, ɗana ba ɗan dako ba ne!" A yi dariya, a zage shi, a kwashe rabi, kuma ba wanda zai riƙe shi a zuci, don an san halinsa kuma huruminsa ne. Ni da na faɗi haka, kafin magariba Agege ta ɗauka: wane ya zubar da kunya, yana tare wa ɗan fari, ɗansa ya shiga jami'a ya fi ƙarfin aike. Saƙo kuma a wajenmu ba a mayar da shi. Wanda ya miƙo maka ƙulli ya ɗauke ka mutum ne.

Alhaji ne ya zo daga ƙarshe, da kansa, yana dogara sanda. Tunda yaron ya ci sunan amininsa, abokina yake ce masa, kuma akwai wasa a tsakaninsu.

"Abokina, an ce za ka ƙasar waje buga ƙwallo."

"Ba bugawa zan yi ba, Alhaji, aiki ne."

"Da ma ina ka ga ƙafar ƙwallo, ƙafa kamar sillen kara? Ungo nan."

Ƙulli ne ɗan madaidaici a cikin leda baƙa. Ya ce magani ne na ƙanwarsa da take aure a can tun suna da ƙuruciya, ciwon ƙafa ya hana ta sakat. Wani mai magani a Alaba Rago ya haɗa, kuma ya ja kunne cewa sassaƙen ɗanye ne, in ya daɗe bai shiga ruwa ba ƙarfinsa zai tafi.

"Ba a babban birnin take ba, amma nan kusa ne. Ka sha shayi a birni, ka yi azahar a gidanta."

Rabon Alhaji da ƙasar can tun ba a haifi yaron ba. Na san haka, Alhaji ma ya san na sani. Yaron ya karɓa da hannu biyu.

Ranar tafiya ban raka shi ba, uba ba ya rakiyar ɗan fari. Amma na hau danfo, motar hayar Legas, na bi bayansu, na tsaya a tsallaken titi wajen mai lemo ina taya abin da ba zan saya ba. Ɗaliban nan kowa da 'yar jakarsa a baya, maza da mata, suna ta ɗaukar hoto. Nawa yana jan jakunkunan Gana-mas-go manya-manya, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Wani abokin karatunsa Bayarabe, dogo mai gilashi, ya kama masa kunnen jaka ɗaya yana dariya, na jiyo shi daga inda nake: "Aboki, kasuwa za ka buɗe a can?" Nawa ma ya yi dariya. Motar ta tashi, na koma rumfa.

Sun isa lafiya. Aka sauke su a ɗakunan kwanan wata makaranta, da safe a koya musu aiki, da yamma kowa ya fita ganin gari. Shi yammacinsa a zango yake ƙarewa, yana bin lungu da ƙulli a hannu yana tambayar gidan mai fura. Abin mamaki, ya sami ɗiyar tsohuwar. Ya sami kusan kowa. Na Alhaji ne ya rage, kuma Alhaji bai bar wayar yaron ta huta ba, 'ya'yan ƙanwarsa ma haka.

Wata la'asar muna zaune a rumfar Alhaji, mu da dattawan layi, wayata ta yi ƙara. Wayar tawa ta taɓa faɗawa ruwan wankin goro, tun daga nan ba a jin magana sai an buɗe murya kowa ya ji. Ban san lambar ba, na ɗauka.

"Salamu alaikum. Baba, ni ne."

Bai taɓa kirana kai tsaye ba, sai ta wayar mahaifiyarsa. Dattawan suka kasa kunne.

"Na'am. Lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, maganar saƙon Alhaji ce. Na tambaya, garin ba kusa ba ne, tafiyar wuni ce. Gobe ba mu da aiki, amma jibi da safe za a kai mu babban fili a nuna wa kowa wurin tsayuwarsa, a ba shi katin shiga. Sun ce wanda ba ya nan za a ba wani wurinsa. In na tafi gobe ban tabbata zan dawo a kan lokaci ba. Ko in bari sai an gama gasar?"

Ban buɗe baki ba Alhaji ya matso da kujerarsa.

"Abokina! Wa ya ce maka wuni? 'Yan birni ne, ba su san hanya ba. Ni da na bi ta a bayan akori-kura? Ka yi sammako, kafin la'asar kana hanyar dawowa. Sai an gama gasa? Kafin nan ai sassaƙen ya zama itacen girki. Baiwar Allah tana can ba ta barci."

Wani dattijo ya ce, "Lada ne ma ya samu a sama." Wani ya ce, "Ƙwallo dai ai ba ta fi rai ba."

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai yaro, gaya masa mana."

Idon dattawan nan duk a kaina. Na san abin da yaron yake nema. Ya san babu baffa, shi ya sa ya tsallake al'ada ya kira ni. Na kalli wayar a tafin hannuna, na ce, "Ka ji abin da Alhaji ya ce."

Ina jin hon ɗin motocin ƙasar mutane ta bayansa.

"To, Baba."

Masu boko cikakke za su ce me ya hana ka cewa a'a. Su faɗa, bakinsu ne. Ba su taɓa zama a inuwar mutum tun suna yara ba, ba su san yadda harshe yake nauyi a gaban aminin uba ba. Abin da aka koya mini na yi, kuma dattawan nan sun yaba, har ɗaya ya ce gidan Malam bai mutu ba. Na koma rumfata na zauna, goron da na sa a baki ya ƙi taunuwa.

Sauran labarin ba a lokacin na ji shi ba. Sai bayan ya dawo, yana ba ƙannensa a tsakar gida, ni ina ɗaki ta bayan labule kamar mai barci.

Ya yi sammako kamar yadda aka ce. Motar ba ta tashi ba sai da ta cika, ta tsaya a kowane ƙauye, ta yi faci a hanya. Rana ta yi ja kafin ya shiga garin. Ya tarar da ƙanwar Alhaji a ƙofar gida tana suyar ayaba, tana tashi tana zama, ɗingishi kaɗan irin na kowace tsohuwa. Ta karɓi ƙullin ta shinshina.

"Irin na bara ne. Wancan ma bai yi mini komai ba. Yaya dai ba ya jin magana."

Ta miƙa wa jikarta ta ce a ɗora a kan kabad. Sannan ta riƙe hannun yaron ta fashe da kuka, wai kamar Malam ne ya dawo duniya. Ya ce zai juya. Ta ce a gidan wa? Baƙo daga Agege, jikan Malam, ya kawo saƙo ya juya da ƙishirwa, so yake a yi da ita a zango har ta mutu? Aka kama kaza. Mutanen zango suka cika gidan, kowa yana tambayar nasa, wane yana raye, wance ta aurar da 'yarta, har yanzu jirgin ƙasa yana taka kayan 'yan kasuwa a bakin dogo? Kafin a sauke tukunya motar ƙarshe ta tafi.

Da asuba ya ɗauki jakarsa, aka ce bai gaida sarkin zango ba. Ya gaida sarkin zango, aka ce a jira a gama ɗaure saƙon da zai koma da shi. Ba mugunta suka yi masa ba, karamci ne, irin wanda mu ma za mu yi wa nasu. Ya iso babban fili an riga an watse.

Matar da take shugabantar 'yan sa kai ta saurare shi har ya gama, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce an jira shi, an kira wayarsa ba ta shiga, an ba wani wurin. Amma ana neman mutum a tashar manyan motoci da ke bakin gari, inda 'yan kallo suke hawa a kai su fili. Can aka tura shi, can ya yi gasar tun daga farko har ƙarshe.

Yadda yake ba ƙannensa labarin, sai ka ce daɗi ya sha. An ba shi wani ƙaton hannu na soso yana nuna wa mutane layi, ga rana ga hayaƙin mota. Abokin aikinsa wani ɗalibi ne daga gabashin Afirka da ba ya cin yaji, kullum sai ya yi hawaye a kan garin rogo da kifi da ake raba musu. Wasu 'yan kallo masu ganguna sun shafa masa fenti a fuska sun tilasta shi rawa. Wani tsoho ɗan Nijar ya ɓace wa 'yan rakiyarsa, yana tsaye yana salati, da ya ji Hausa a bakin mai rigar aiki sai ya rungume shi kamar ya ga ɗansa. In motoci sun gama kwasar mutane tashar takan yi wayam, su zauna a inuwar mota su saurari wasa a rediyon wani direba. In an ci ƙwallo, sai su ji gari ya ɗauki hon. Ƙaramar ƙanwarsa ta tambaye shi, "Yaya, to ka ga 'yan wasan?" Ya ce ya ga motarsu sau ɗaya ta wuce, gilashinta baƙi.

Mu a nan ba mu san komai ba lokacin, don bai gaya wa ko mahaifiyarsa ba. Agege kaf ta san jikan Malam yana babban fili. Ni ban taɓa kallon ƙwallo ba, ban san dokarta ba, amma duk wasan la'asar sai in ɗebi goro in tafi gidan kallo da sunan na kai wa mai gidan. In tsaya a baya kusa da ƙofa. Mutane suna bin ƙwallo, ni ina bin gefen allo, inda masu rigar 'yan sa kai suke tsayawa. Samari suka gano ni.

"Baba mai goro, yau ma ba a nuno shi ba?"

"Wa?"

"Ka san wa. Ko dai shara aka ba shi a bayan fili?"

"Ni goro na kawo. Ku da ubanninku suka biya muku kallo ku kalla."

Ranar wani babban wasa aka nuno 'yan wasa suna fitowa daga ƙofar nan, sai ga dogon Bayaraben mai gilashi a tsaye da kati a wuya, yana nuna wa masu kyamara inda za su tsaya. Na gane shi sarai. Na duba damansa, na duba hagunsa. Na fita ban jira an fara ba.

Ya dawo da kaya fiye da waɗanda ya tafi da su. Ƙofar gidanmu ta sake zama tasha. Mahauci ya ce ɗan'uwansa ya ce kilishin ya yi taushi, ko an bar shi a rana? Mai injin markaɗe ya ce an ce murfin ya tsage. Tsohuwa mai koko ce kaɗai ta yi ta sa albarka har da hawaye. Alhaji ya karɓi nasa, man kaɗanya da wani zane, ya danƙa wa yaron goro fari manya.

"Abokina, ka cika ɗan halak. Ba na ce maka kusa ne ba?"

"Kusa ne, Alhaji."

Yaron bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba. Kullum da safe yana durƙusawa ya gaishe ni kamar da. Abokan tafiyarsa da suka tsaya a fili, na ji an sake kiran wasunsu wani aikin tun ba su gama makaranta ba. Shi sai da ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana koyar da yara Faransanci a wata makarantar kuɗi, yana ta nema a waya ba ya gajiya.

Wata safiya ya biyo ta rumfata da 'yar jaka a baya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe a durƙushe fiye da kullum. Ina fama da wani mai saye da yake ta taɓa goro yana ajiyewa. Na ce, "Ina zuwa?" Ya ce, "Ikeja." Na ce a dawo lafiya, ko kallonsa ban yi sosai ba. Bai yi ƙarya ba, filin jirgi a Ikeja yake. Da na koma gida mahaifiyarsa ta ce mini an sake ɗaukarsa, wata gasar ce a ƙasa mai nisa, kuma ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa sai jirgi ya tashi.

"Har ni?"

"Ya ce in ka sani, Alhaji zai tambaye ka, kai kuma ba za ka iya ɓoye masa ba."

Na ɗaga murya na ce wannan rashin tarbiyya ne, ɗa ya bar ƙasa babu albarkar uba. Ta bar ni na gama, ta ɗauke kwanukan ta fita.

A wannan karon ya tsaya inda aka ajiye shi, kuma masu shirya gasar suka riƙe shi. Yanzu aikinsa ke nan, daga wannan gasa zuwa waccan, shi yake koya wa sababbin ɗalibai inda za su tsaya. Mutanen layinmu da suka yi dariyar Faransanci yanzu su ne suke turo 'ya'yansu a ba su lambarsa. Ba ni da ita. Mahaifiyarsa yake kira, in sun gama ta miƙo mini in ji "Baba, ina wuni," in ce lafiya lau, in mayar mata.

Bara ya zo Legas. Bai sauka a gida ba, masauki ya kama a Ikeja, don kada a san ranar zuwansa balle ta komawarsa. Mahaifiyarsa da ƙannensa suka je suka wuni. Washegari na sa babbar rigata, na ce wa Alhaji zan je duba wani mara lafiya, na hau danfo. Mai gadin masaukin ɗan arewa ne, ya tambaye ni wurin wa na zo. Na tsaya ina kame-kame, don sai an faɗi suna ake shiga. Daga ƙarshe na nuna masa hoton yaron da ke wayar 'yata da na aro, ya buga waya sama.

Yaron ya sauko da sauri, ya durƙusa a kan tayil a gaban mutane, ya yi ƙiba kaɗan. Muka zauna a wasu kujeru masu laushi da suke haɗiye mutum. Ya sa aka kawo mini shayi. Ya tambayi kasuwa, na ce sai godiya. Ya tambayi Alhaji, na ce yana nan, ƙafa ta fara ba shi wahala. Na tambayi aiki, ya ce alhamdu lillahi. Na zo da magana a bakina tun daga Agege, na yi ta juya ta a cikin danfo, amma sanyin na'urar wurin da kallon ma'aikata suka sa na rasa ta inda zan kama ta. Shayin ya huce. Ya ce in zai sake zuwa, akwai abin da nake so ya kawo mini? Na ce babu.

Ya rako ni har bakin titi, ya tare mini tasi, na ce danfo ya ishe ni. Na ce Allah ya tsare hanya, duk ranar da za a tafi. Ya ce amin. Muka shiga cunkoso wajen gadar sama, kwandasta yana ta faɗa da wata mata a kan canji, ban isa kasuwa ba sai bayan la'asar. Alhaji ya ce yaya mai jikin. Na ce da sauƙi.